Kundin aiki: neman inda za mu riƙa gudanar da lissafin hasashen ambaliya

3 ga Maris, 2025

Kwamfutar da ke ƙarƙashin teburin ɗakin bincikenmu ta kai iyakarta. Ƙwayoyin furosesa 32 gare ta, kuma kowa a rukuninmu rububinta yake yi. Wanda ya riga tura aikinsa shi ne mai ita, saura sai zaman jira. Muna shirya takardar neman tallafin bincike na shekara uku, akwai kuma sashen da dole mu bayyana inda za mu riƙa yin lissafi da abin da zai ci. Farfesa ya ce in bi diddigin lamarin in kawo masa shawara kafin ƙarshen Afrilu. A nan zan riƙa ajiye abin da na gano, don kada a zo taro a sake tayar da muhawarar da aka riga aka rufe.

Hanyoyin da ke gabanmu sanannu ne. Akwai kulastar jami'a, wato tarin kwamfutoci da aka haɗa wuri guda, kowane sashe na amfani da ita kyauta amma sai an bi layi. Muna iya sayen nodi namu, wato kwamfuta guda irin waɗanda aka haɗa a kulastar, mu saka a cikinta. Muna iya neman kaso a wata babbar cibiyar lissafi ta ƙasa ko ta yanki. Ko kuma mu yi haya a kilawud, wato na'urorin kamfanoni da ake amfani da su ta intanet, mu biya gwargwadon sa'o'in da muka yi.

Abin da na fara lura da shi shi ne ba aiki ɗaya muke da shi ba. Akwai WRF, manhajar kwaikwayon yanayi da cibiyar NCAR ta Amurka ke kula da ita, da ita muke hasashen ruwan sama. Akwai SWAT, wadda ke lissafa yadda ruwan ke gangarowa cikin koguna, ita kuma sai an maimaita ta sau dubbai ana sauya ƙididdiga kafin ta dace da ma'aunin gaske. Sai kuma ɗalibarmu ta digirin digirgir da ke horar da ƙirƙirarriyar basira ta gane wuraren da ruwa ya mamaye daga hotunan tauraron Sentinel-1, wanda radarsa ke ratsa gajimare. Ukun nan halinsu ba ɗaya ba ne ko kaɗan.

7 ga Maris

Taron farko. Farfesa ya zo da jerin TOP500 na kwamfutoci mafi ƙarfi a duniya a wayarsa, yana nuna mana El Capitan da ta hau na ɗaya a Nuwamban 2024, da Frontier ta Oak Ridge wadda ta fara tsallake eksaflof ɗaya, wato lissafi biliyan sau biliyan a daƙiƙa, a 2022. Ya ce mu nemi shiga mafi girman na'urar da za ta karɓe mu.

Na ce, "Ranka ya daɗe, jerin nan da LINPACK ake auna shi, lissafi ne da ke cika furosesa da aiki ba tare da yawan jiran memori ba. Namu ba haka yake ba." Tun 1993 ake fitar da jerin sau biyu a shekara, kuma masu fitar da shi kansu sun san wannan giɓin, shi ya sa suke buga sakamakon wani gwajin daban mai suna HPCG, wanda ya fi kama da ayyukan kimiyya na yau da kullum. A can Frontier kimanin fetaflof 14 ta samu (fetaflof dubu ne eksaflof ɗaya), wato wajen kashi 1 cikin 100 na abin da ta nuna a LINPACK. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Mun rabu a kan cewa ba wanda zai sake kawo sunan wata na'ura sai mun auna ayyukanmu mun ga abin da suke buƙata.

12 ga Maris

Makon nan duka a kan WRF ya tafi, kuma nan ne zuciyar maganar.

Yankin da muke kwaikwaya an yanka shi gida-gida, 500 a tsaye 400 a kwance, kowane gida kilomita 3. Ƙa'idar da masu WRF ke bi ita ce takun lokaci a daƙiƙa ya zama kamar ninki shida na faɗin gida a kilomita, don haka takunmu daƙiƙa 18 ne. Wani abokin aikinmu na son mu koma kilomita ɗaya da rabi don a fi ganin hadari mai tasowa farat ɗaya. Na zauna da shi muka yi lissafin a takarda: gidaje za su ninka biyu a tsaye, biyu a kwance, takun lokaci kuma ya ragu da rabi. Aikin ya ninka takwas ke nan, ba biyu ba kamar yadda ido ke raya wa mutum. Ya yi shiru, sannan ya ce a bar maganar zuwa shekara ta biyu.

Sai tambayar ƙwayoyi nawa WRF za ta iya ci ta amfana. Manhajar na raba taswirar ne fegi-fegi, kowace ƙwaya da feginta, kuma bayan kowane taku sai ta yi musayar bayanan gefe da maƙwabtanta ta hanyar MPI, tsarin aika saƙo tsakanin ƙwayoyi. In feginan suka yi ƙanana ainun, musayar ta fi lissafin yawa. Shawarar da masu kula da manhajar ke bayarwa ita ce a raba kowane ɓangare da 25 a ninka, a sami iyakar sama, a raba da 100 a sami ta ƙasa. Namu ya ba da 20 sau 16, wato ƙwayoyi 320 a sama, 20 a ƙasa. Nodin zamani guda na iya ɗaukar ƙwayoyi 128, irin na ARCHER2 da ke Edinbura. Ashe duk abin da babban aikinmu zai iya haɗiya bai wuce nodi biyu ko uku ba. Na'ura mai nodi dubbai ba za ta sa hasashe ɗaya ya yi sauri fiye da haka ba. Amfaninta a wurinmu shi ne gudanar da hasashe da yawa lokaci guda, wannan kuwa wata magana ce daban.

Na tura gwajin a kulastar jami'a da umarnin sbatch na Slurm, manhajar da ke tsara layin ayyuka, ina ninka ƙwayoyin daga 32 zuwa sama, kowane karo hasashen sa'a shida na yini ɗaya. Daga 32 zuwa 64 lokacin ya ragu kusan rabi. Daga 64 zuwa 128 ya ragu, amma ba kamar da ba, alhali duk a cikin nodi ɗaya ake. Dalilin shi ne ƙwayoyin na tarayya a hanyar zuwa memori, kuma WRF mai yawan ɗiban bayanai ce, sai ƙwayoyin su riƙa jiran juna. Da na bar ƙwayoyi 128 ɗin amma na baza su a nodi biyu, sai aikin ya fi sauri. Wannan ya ba ni sha'awa, domin yana nufin idan za mu sayi nodi, yawan hanyoyin memori ya fi yawan ƙwayoyi muhimmanci a gare mu.

Daga 256 zuwa sama layin jadawalin ya kwanta. Da na duba fayil ɗin rsl.error.0000, inda WRF ke rubuta daƙiƙun da kowane taku ya ci, sai ga shi ƙarara: takun lissafi na wucewa a guje, amma duk lokacin da za a rubuta sakamako sai komai ya tsaya cak, ƙwaya ɗaya tana tattara bayanai tana rubutawa, sauran na zaune. Abin da Gene Amdahl ya faɗa tun 1967 ke nan. Idan kashi 5 cikin 100 na aiki ba ya rabuwa, ko ƙwayoyi miliyan aka ba shi ba zai wuce ninki 20 ba. A kan 256 ma ninki 18 da ɗoriya ake samu. Akwai hanyar ware wasu ƙwayoyi su riƙa rubutun yayin da saura ke ci gaba, zan gwada ta.

Wani abu kuma: kulastar na da ɓangare biyu, ɗaya a haɗe da InfiniBand, hanyar sadarwa mai matuƙar sauri tsakanin nodi, ɗayan da Ethernet na yau da kullum. A InfiniBand saƙo na isa cikin kimanin kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa. Da na gudanar da aikin nodi biyu a ɓangaren Ethernet, ribar nodi na biyun kusan duka ta zube. Duk inda za mu kai WRF, wannan sharaɗi ne.

14 ga Maris

SWAT ba ta ba ni wahala ba. Kowane maimaici zaman kansa yake, ba ya magana da ɗan'uwansa, ƙwaya ɗaya da memori kaɗan sun ishe shi. Ba ruwansa da InfiniBand. Irin wannan aiki ne aka gina manhajar HTCondor dominsa a Jami'ar Wiskonsin, kuma a Slurm ma ana iya tura dubbai da umarni ɗaya a matsayin jerin ayyuka. Duk wata tsohuwar nodi da wasu suka raina, mu ta yi mana. An rufe wannan babin.

21 ga Maris

Ƙorafin da kowa ke yi kan kulastar jami'a shi ne layi. Ka buga squeue don duba layin ka ga PD, wato yana jira, a gaban aikinka, da safe haka, da yamma haka. Na je wurin injiniyan da ke kula da ita, dattijo mai haƙuri wanda ya fi kowa sanin halin masu bincike, na tambaye shi ko da gaske na'urar ce ta yi mana kaɗan.

Ya buɗo tarihin ayyukan rukuninmu da sacct, ya juyo mini allon. Ya ce, "Malam, duba nan. Ɗalibinku ya nemi sa'a 48, aikin ya gama cikin uku. Ga wani ya nemi memori gigabait 200, bai taɓa ko 20 ba." Sannan ya yi mini bayanin da ya kamata a ce an manna shi a ƙofar kowane ɗakin bincike. Slurm, wadda aka fara ginawa a cibiyar Lawrence Livermore, ba layin wanda ya riga zuwa kawai take bi ba. Idan tana tara nodi don wani babban aiki, sai giɓi ya samu, kuma tana cusa ƙananan ayyuka a giɓin matuƙar za su gama kafin lokacin babban. Aikin da ya ce sa'a huɗu yake so zai sami gurbi nan da nan. Wanda ya ce 48 ba giɓin da zai shige shi, ko da a zahiri sa'a uku zai yi. Manhajar da abin da ka faɗa mata take aiki.

Akwai kuma rabon adalci. Rukunin da ya ci na'ura da yawa kwanan nan matsayinsa na sauka a layi, a hankali kuma ya farfaɗo. Yadda Slurm ke zuwa, nauyin abin da ka ci yana raguwa da rabi duk kwana 7, sai dai in mai kula ya sauya. Ma'ana idan muka zuba dubban ayyukan SWAT a mako guda, WRF ɗinmu ce za ta biya bashin a mako na gaba, tun da asusu ɗaya muke. Wannan ya sa na fara tunanin raba su gida daban-daban da gaske.

Na roƙi kowa a rukunin ya riƙa buga seff bayan aikinsa ya gama, ya ga kason furosesa da memorin da ya yi amfani da shi, ya gyara buƙatarsa ta gaba. WRF kuma za mu yanka ta guntu-guntu, tun da tana iya ajiye fayil ɗin ci gaba ta ɗora daga inda ta tsaya.

A ganina rabin abin da ake kira ƙarancin na'ura a jami'o'i ƙarancin irin wannan injiniyan ne, ko ƙarancin masu zuwa su tambaye shi.

28 ga Maris

GPU, wato katin zane da ke iya lissafi da yawa lokaci guda. WRF ɗin da NCAR ke fitarwa a kan furosesa take gudu, don haka maganar ta ɗalibarmu ce kaɗai. Ta zo da buƙatar A100 ko H100, manyan katunan GPU na kamfanin NVIDIA, domin su ake ambata a takardun da take karantawa.

Mun zauna tare muka buɗe nvidia-smi, mai nuna yadda katin ke aiki, yayin da horon ke gudana a kan katin da ta aro. Lambar amfani sai ta haura sama, ta faɗo kusan sifili, ta daɗe a can, ta sake haurawa. Katin yunwa yake ji. Ta yanka hotunan zuwa ƙananan fayiloli dubu ɗaruruwa ta zuba a ma'adanar Lustre, wadda aka ƙera don manyan fayiloli da ake karantawa a jere. Kowane ƙaramin fayil sai an je an tambayi sabar da ke riƙe da sunaye da adireshi, ita kuwa kowa a kulastar na damun ta. Da ta dunƙule su cikin 'yan manyan fayiloli, ta kwafe su zuwa faifan da ke cikin nodin kafin fara horo, lambar ta zauna a sama.

Ta ce, "Malam, ke nan ba sai mun nemi H100 ba?" Na ce tukuna. Abin da ke sa A100 tsada a wurin masana kimiyyar sinadarai da makamantansu har da ƙarfinta a lissafin lambobi masu bit 64, inda take yin teraflof 9.7, alhali katunan wasa na zamani kashi ɗaya cikin 64 na ƙarfinsu kawai suke bayarwa a nan. Horon basira bai damu da wannan ba, bit 32 ko 16 sun wadatar. Abin da zai iya tilasta mana babban kati shi ne memori: manyan katunan wasa na da gigabait 24 zuwa 32, A100 na da 40 ko 80. Samfurinta a yanzu yana shiga 24 har da sarari.

In har za mu nemi GPU a waje, sai mu lura da irin katin. LUMI da ke Kajaani a Finlan katunan AMD take amfani da su, ba NVIDIA ba, abin da aka rubuta kai tsaye da CUDA, harshen katunan NVIDIA, sai an juya shi. Ɗalibar da manhajar PyTorch take aiki, sauyin ba zai yi mata nauyi sosai ba, amma sai an gwada.

4 ga Afrilu

Mun gwada kilawud da ɗan kuɗin gwaji da wani kamfani ke bai wa masu bincike. Daɗinsa a fili yake: ba layi, cikin mintuna na'ura ta tashi. Wani ɗalibi ya kunna nodi mai GPU ranar Juma'a ya tafi hutun ƙarshen mako bai kashe ba, ranar Litinin muka tarar da kaso mai tsoka na kuɗin ya tafi a kan na'urar da ba ta yi komai ba. A kulasta aiki ya ƙare, nodin ta koma hannun wani. A nan mita na gudu har sai an tuna.

Akwai haya mai rangwame, inda kamfani ke ba ka na'urorin da ba kowa a kai amma zai iya karɓewa ko yaushe. AWS, kilawud ɗin Amazon, na ba da gargaɗin minti biyu, Google daƙiƙa 30. SWAT ba za ta ji komai ba, maimaici ɗaya ya mutu a sake shi. WRF a kan nodi uku kuwa, ɗaya ta tafi duka sun tafi.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne bayanai. Shigar da su kyauta ne a galibin kamfanoni, fitar da su ne ake caji, mu kuwa fitarwa ce sana'armu. Hasashen damina guda a kilomita 3 na iya tara terabait da dama. Ko an ajiye maganar kuɗi, terabait 10 a kan layin gigabit ɗaya cikakke sa'a 22 ne, a kan megabit 100 kuwa ya haura kwana 9. Ta ɗaya ɓangaren, wasu kamfanonin na ajiye da kwafin hotunan Sentinel da bayanan yanayi na ERA5 daga cibiyar hasashen yanayi ta Turai, ECMWF, a ma'adanarsu. Yanko yankinmu a can, a sauko da ɗan abin da ake buƙata, ya fi janyo komai gida. Wannan gurbin na yarda kilawud ya cike shi, da kuma makon da wa'adin taro ya matso layi ya ƙi motsi. Aikin da ke gudu dare da rana shekara uku kuwa, hayar sa'a-sa'a ba ta dace da shi ba.

11 ga Afrilu

Na karanta ƙa'idojin manyan cibiyoyi. ACCESS a Amurka, wadda ta gaji XSEDE a 2022, EuroHPC a Turai mai LUMI da Leonardo ta Bolonya da MareNostrum 5 ta Basalona, CHPC a Afirka ta Kudu mai na'urar Lengau. Kowace da sharaɗinta kan inda jagoran bincike yake aiki, don haka ba zaɓi ne na son rai ba, wadda ta shafe ka ita ce taka, sai kuma ta hanyar abokin haɗin gwiwa. Amma tsarin ya yi kama: ƙaramin kaso na gwaji mai sauƙin samu, sannan babba da sai kwamiti ya duba. Kuma babban yana son hujjar cewa manhajarka na amfana da ƙarin ƙwayoyi. Jadawalin da na zana ranar 12 ga Maris shi ne ainihin abin da suke nema.

Lissafin buƙata ba wuya: ƙwayoyi 256 na sa'a 10 sa'o'in ƙwaya 2,560 ne ga hasashe ɗaya, a ninka da yawan hasashen da muke so, a ƙara wani abu don waɗanda za su lalace. Hasashen taro, inda ake gudanar da guda ashirin ko talatin da ɗan bambancin yanayin farawa, shi ne abin da kulastar jami'a ba za ta iya ɗauka ba tare da mun danne kowa ba.

Na fara haɗa WRF da duk laburarorinta cikin kwantenar Apptainer, wato ƙunshi guda da za a iya ɗauka zuwa kowace na'ura, wadda a da ake kira Singularity, don kada kowace sabuwar na'ura ta ci mana mako wajen harhaɗa netCDF da MPI. Sai dai MPI na cikin kwantena dole ya dace da na na'urar, in ba haka ba aikin zai gudu amma ya kauce wa InfiniBand ba tare da ya ce uffan ba.

17 ga Afrilu

Taro na biyu, ya fi na farko tsawo. Abokin aikinmu ya kawo shawarar mu sayi na'ura tamu mu ajiye a ɗakin bincike, ba layi ba roƙo. Na tambaye shi wa zai riƙa sabunta ta, wa zai tashi in faifai ya mutu, ina sanyaya ɗakin, ina wutar da ba ta yankewa. Amsar ita ce wani ɗalibi, wanda zai kammala ya tafi da duk abin da ya sani a kansa. Farfesa ya ce shi ma ya taɓa ganin ƙarshen irin wannan, a wuce.

Sayen nodi a saka cikin kulastar jami'a ya fi kwanta wa kowa. Su ke kula da ita, mu ke da fifiko a kanta, in ba ma amfani wasu su ci, mu ma mu ci na wasu. Yarjejeniyar ta shekara biyar ce, daidai da garantin na'urar, bayan nan sai ta koma ta kowa. Tallafinmu na shekara uku ne, don haka ba asara.

Farfesa ya amince a rubuta nodi biyu masu InfiniBand don WRF ta yau da kullum, a zaɓi furosesa bisa faɗin hanyar memori. SWAT ta tafi ɓangaren tsofaffin nodi da asusu na daban in injiniya ya yarda. GPU ba za mu saya ba a shekarar farko, na kulastar sun isa. Ya ce in fara cike takardar ƙaramin kason gwaji a cibiyar ƙasa don hasashen taro.

25 ga Afrilu

Takardar kason gwajin ta tafi. Injiniya ya yarda da asusu na biyu, da sharaɗin kada mu wuce ayyuka 500 a layi lokaci guda.

Saura ma'adana, wadda ba wanda ya sa ta a kasafi. Wurin aikin wucin gadi na kulastar ana share duk fayil ɗin da ya daɗe ba a taɓa shi ba, kuma ba a ajiye kwafinsa. Cibiyar ƙasa ma in kaso ya ƙare sai a kwashe kaya. Masu ba da tallafi kuwa na son a adana bayanan da aka dogara da su shekaru bayan an buga sakamako. WRF na rubuta abubuwa fiye da ɗari a kowane fayil, mu da ruwan sama, iska, zafi da danshin ƙasa muke aiki. Na tura wa kowa jerin sunayen, ya sa alama a kan waɗanda yake buƙata kafin Laraba. Abin da ba wanda ya zaɓa za mu cire shi tun daga saitin manhajar, sannan in sake lissafin terabait ɗin in kai wa ofishin adana bayanai na jami'a su faɗa mana abin da ajiyar shekara goma za ta ci.